Mutumin da Ya Dasa wa Hanya Itatuwa

Akwai wani mutum mai gona a ƙarshen gari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi birni, gidan ya zama daga shi sai tabarmarsa. Abin da matar ta bar masa shi ne ƙwarya guda ta irin gero, wanda ta zaɓa da hannunta, ya adana yana sabuntawa kowace shekara.

Ƙasar gonar yashi ce, iska tana ta kwasarta. Sai ya ce zai dasa darbejiya su tare iska. Hanyar kasuwa kuwa ta bi gefen gonar, ta miƙe daga gabas zuwa yamma. Nan ya jera itatuwan, bi da bi a bakin hanyar, yana cewa a ransa, ko wani ya tsaya shan inuwa ya ce masa sannu.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Goggo Rifkatu, ta wuce da itacenta a ka. Ta ce, "Ɗana, iskar hadari daga gabas take fitowa. Can za ka gicciya mata su."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Goggo, wa ke gabas? Sai kurciyoyi. Itatuwa irin nawa, a ɓoye su a bayan gona? Ai sai an zo kallonsu daga gari bakwai!"

Ta ce, "To, Allah ya kawo 'yan kallo," ta wuce.

Itatuwa suka girma, suka yi kyau. Wata shekara ruwan farko ya sauka, ya shuka irin nan duka, ko tsaba bai rage ba. Gero ya tsiro kamar gashin jariri. Ran nan hadari ya taso daga gabas, iska ta riga ruwa isowa. Ta tarar da itatuwa sun jeru a gefe kamar masu taryar baƙo, ta bi ta gabansu ta share gonar, ta binne tsiron da yashi.

Da gari ya waye ya durƙusa yana tono da yatsa, bai sami ko ɗaya da rai ba. Masu zuwa kasuwa suna ɗaga hannu, "Kai, sannu da itatuwa!" Ba wanda ya tsaya.

Ma'anar wannan misali ita ce: gonar zuciyarka ce, irin kuwa bangaskiyar da aka bar maka. Itatuwan su ne addu'arka da kyawawan ayyukanka. Da yawa a cikinmu, har da masu zama a layin gaba a wurin ibada, mun jera su bakin hanya don a gani. Amma gwaji ba ya bin hanyar kasuwa. Kowa ya san gabas ɗinsa: wani fushi, wani kwaɗayi, wani kaɗaici. Can za ka dasa, inda ba mai ganinka sai Ubangiji da kurciyoyi.