Agogo Mai Sunan Mamaci

Akwai wani ma'aikacin kamfanin fenti da abokan aikinsa suka laƙaba wa Mai Kwat, don ko rana za ta narkar da kwalta ba ya cire kwat ɗinsa. Aikinsa shi ne kula da shagunan da ke sarin fentinsu. To amma kulawar tasa ta baka ce, ko waya sai ta kama dole yake ɗagawa.

Da shekara ta zo ƙarshe, manaja ya kira shi ofis ya ce, "Kwantiraginmu da babban shagon kayan ginin nan ya kusa ƙarewa. Rabin kayan da ke hannunka su ke ɗauka. In suka tafi, kai ma ka tafi. Ka kai musu kyautar da za ta sa su sabunta."

Mai Kwat yana da tsarinsa na rabon kyauta. Manya a ba su agogon bango, ƙanana a jefa musu biro mai tambarin kamfani. Ya buɗe tsohon fayil, ya kwafo sunan mai shagon, ya sa aka zana shi a jikin agogo da ruwan zinare. A ƙasa aka rubuta: Allah ya ƙara nisan kwana.

A mota, tsohon direbansu ya kalli sunan da ke jikin agogon ya ce:

"Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da shagon nan? Ai maigidan..."

"Baba, tuƙi aka ɗauke ka ko ba da shawara?"

Dattijo ya tayar da mota.

Shagon cike yake da buhunan siminti da bokitan fenti har rufi. A bayan kanta wata mata ce tsaye tana jera kwalayen ƙusa, hijabinta ya koɗe, hannunta duk ƙura. Mai Kwat ko gaisuwa babu. Ya dire agogon a kan kanta, ya zaro waya.

"Ke, kira min maigidan. Ki ce masa daga kamfanin fenti ne, hoto kawai za mu ɗauka, sauri nake."

Matar ba ta motsa ba. Idonta na kan rubutun zinaren nan.

Shi kuwa gogan naka ya ɗauka kyan agogon ne ya tafi da ita. Ya yi dariya, ya laluba aljihu ya jefa mata biro. "Ga naki, kar ki ce an manta da ku."

Ta karanta rubutun ƙasan a fili. Sannan ta ɗago.

"Malam, watan mijina biyar a ƙasa."

Mai Kwat ya mayar da wayarsa aljihu.

Ta ce, "Na aika wa kamfaninku sanarwar rasuwar. Direban nan da ke waje shi kaɗai ya zo ya yi min gaisuwa. Duk odar da kuka samu tun ranar, ni na sa mata hannu. Ashe ko sau ɗaya ba ka duba ba."

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Za a canza sunan, yau ɗin nan..."

"A'a, bar shi. Wannan nasa ne. Nawa ga shi ka ba ni."

Ta jawo durowa ta ciro takarda. Takardar janye kwantiragi ce, wata guda tana ajiye, ta kasa sa hannu saboda da kamfanin nan mijinta ya fara sana'a. Ta cire murfin biron da ya jefa mata, ta sa hannu a gabansa, ta miƙa masa ita tare da agogon.

Kafin sati ya zagayo an sallami Mai Kwat. Da yake kwashe kayansa, manaja ya ce ya haɗa da agogon, don ba wanda za a iya ba.

A gida matarsa tana buɗe kwalin ta ciro shi, ta juya shi ta ce, "Kai, ya yi kyau! Baban yara, sunan wane ne wannan?"

Ya zauna a bakin gado da kwat a jikinsa.

Darasi: Kafin ka kai wa abokin ciniki kyauta, ka san halin da yake ciki, kuma ka gaida duk wanda ka tarar a ƙofa. Kyautar da ba kulawa a cikinta tana iya zama cin fuska, komai tsadarta. Ku tura wa 'yan kasuwa da ma'aikatan da kuka sani, kar wani ya maimaita wannan.