Gadon Dogo, Zakaran Inna Dela

Jama'a, ku matsa mini in zauna. A'a, kada wanda ya miƙo mini bokiti, shi ne ma abin da ya kawo ni. Ni Sallau Mai Turare, mutumin da in ya ratsa layi da hantsi ake shaƙar ƙamshinsa har la'asar, ni aka kife wa bokitin fenti a majalisar masu kiwon kaji ta Rafin Kanya, aka ce nan ne mazaunina. Benci na nan da ransa, amma buhun dusa aka ɗora a wurin zamana. An yi fari a garin nan, an yi ambaliya, an yi shekarar fara, duk na ji labarinsu, babu wanda ya kai bokitin nan ciwo. To ga maganar nan ta zo muku da gajerun ƙafafunta. Ku saurara da kyau, don a ƙarshe ku aka ce ku yanke hukunci.

Inna Dela tsohuwa ce a bayan masallacin unguwarmu, kuma kajinta durgu ne, wato irin masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya sai ka ce a zaune suke. Amma nata ba durgun kasuwa ba ne. Baƙaƙe ne wuluk, wuyansu kamar an zuba zinariya, ga tukku a ka. A cikin kayan auren kakarta asalinsu ya zo garin nan, a kwando bisa jaki, kuma tun daga lokacin ba a taɓa barin baƙon zakara ya taka gidan ba. Mu masu kiwon sha'awa, da muka raina fararen kajin gonar nan masu suma in an yi tsawa, ba mu da wani buri da ya wuce jinin gidan Inna Dela. Babban zakaranta ana ce masa Dogo. Ƙirjinsa na sharar ƙasa, amma in ya yi cara sai ladan ya gyara murya.

Ita kuwa ba ta ba da aron zakara, ba ta sayar da sagara, ba ta barin ƙwai ya fita da rai. Ni kaina na taɓa zuwa da kwalbar turare mai kyau, na durƙusa, na yabi kakarta. Ta shiga ɗaki ta jima, ta fito mini da ƙwai huɗu da ɗuminsu. Na ɗauka ɗumin uwa ne. Na aro kaza mai kwanci na sa mata, ta kwanta har ta rame, babu ko motsi. Na koma na ce, "Inna, ƙwan nan shiru fa."

Ta ce, "Ai ci na ba ka, ɗan nan, ba gado ba. Ba ka sa gishiri ba ne?"

Dafaffe ta ba ni. Ku riƙe wannan a ranku, don in an zo rabon laifi a san inda aka faro.

Ana nan sai annobar kaji ta faɗa unguwa, kuma daga gidan Inna Dela ta fara. Kaza ta saki fiffike, ta juya wuya, kafin a jiƙa mata magani ta miƙe. Annobar ta share gidan kaf, ta tsallaka maƙwabta. Dogo ne ya yi ƙarshe. Ranar da ya mutu sai da aka shimfiɗa tabarmi a zaure, mutane na shigowa suna gaisuwa. Ga shi kuma ɗanta ya matsa sai ta koma wurinsa birni, gidan bene, inda ko tattabara ba a bari. Tsohuwa ta dube mu ta ce, "Jinin da ya wuce hannun mata uku, a hannuna zai yanke? Duk wanda ya dawo mini da shi, shi zai riƙe shi bayana."

Ni, da yake mai hankali ne, na ce a yi haƙuri, a bar tone-tone. Mutum uku suka ƙi jin shawarata.

Na farko Nomau tela. Shagonsa na kan tudu, daga bakin kekensa ana hango tsakar gidan Inna. Ya ce shi fa kafin annoba ya sha ganin wata baƙuwar kaza ja, durgu, mai guntun wutsiya, tana faɗowa gidan ta kan katangar baya da sassafe kamar an jefo ta, kuma Dogo ya karɓe ta hannu bibbiyu. Da yamma ta hau tarin itacen Inna ta fice. Ranar da kaji suka fara mutuwa aka daina ganinta. Duk mai kiwo ya san in zakara ya taka kaza, ƙwan da za ta yi na 'yan kwanaki bayan nan nasa ne, ko da shi ya riga ya mutu. Wato Dogo na nan a cikin jar kazar, in ba a makara ba.

Na ce masa, "Nomau, irin wannan ai kasuwar kudu ake kai su." Ya dube ni, ya gode mini, ya nufi arewa. Ya rufe shago da ɗinkin mutane a ciki, ya bi masu kwandunan kaji ɗaya bayan ɗaya, daga mai saye a gida zuwa dillali, daga dillali zuwa wani mai gashin kaji a bakin tasha. A can ya same ta, an ɗaure mata ƙafa, ruwan figa na tafasa, kaza biyu ne kawai a gabanta. Mai gashi ya ga idon Nomau ya gane ba yunwa ce ta kawo shi ba, ya ce ba ta sayarwa ba ce, an riga an yi odarta. Sai da Nomau ya cire babbar rigarsa, wadda ya ɗinka wa kansa da aikin hannu, ya ajiye a kan teburin yaji. Ya dawo gari da singileti, kaza a hammata. Ya kife ta da kwando a bayan shago, ta yi masa ƙwai biyar. Ba don Nomau ba, da Dogo ya ƙare a cikin takardar tsire da albasa.

Na biyu Cindo, tsohon direban babbar mota, mai tumbin da ke riga shi shiga zaure. Jar kaza ta yi ƙwai amma ta ƙi kwanci, kuma a duk unguwa babu kaza mai rai da za a sa wa. Cindo ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa da kwali da fitilar ƙwai, ya sa ɗan ƙoƙon ruwa a gefe, yana juya ƙwan safe da yamma kamar mai suyar masa. Abin na tafiya daidai har aka yi ruwa da iska, rufin ɗakin ya yoye, kwali ya jiƙe, gilashin fitila ya fashe. Ƙwai ya fara hucewa. Cindo bai tsaya shawara ba. Ya naɗe su a auduga, ya kwance rawaninsa ya ɗaure su a kan tumbinsa, ya jingina da bango. Haka ya ƙarasa sauran kwanakin. Bai je kasuwa ba, bai je ɗaurin auren ɗan ƙanensa ba, ko atishawa sai ya riƙe ciki da hannu biyu. Matarsa Azumi takan leƙo ta ce, "Malam, ya jikin? A dama maka kunun kanwa ne, ko sai ka sauka?"

Ya ce, "Ki yi ta dariya. Rufe ƙofar nan, iska na shigo musu."

"To ai gara in sani da wuri, in aika wa dangi su zo suna."

Biyu suka zama bara-gurbi, ɗaya ya fashe ranar da wani ya ba shi labari mai ban dariya. Ni ne, amma da kyakkyawar niyya. Biyu suka ƙyanƙyashe a kan cibiyarsa. Ɗaya bai kai yamma ba. Ɗayan ya miƙe a kan ƙafafun da sai ka duƙa za ka gan su. Ba don Cindo ba, da abin da Nomau ya samo ƙwai ne kawai, irin wanda aka ba ni.

Na uku Mantau marini. Tsako ɗaya tak, babu uwa, ga cuta ba ta gama barin gari ba. Cindo ya gaji, in ya tashi tsaye jiri ke ɗibarsa. Mantau ya karɓa. Ya hau babur ya je birni ya samo allurar rigakafin da ake ɗiga wa tsaki a ido, ya kawo ta cikin ƙanƙara a fulas ɗin shayin matarsa. Kullum da safe yana daji yana haƙo gara. Da tsakon ya yi mura ya ƙi ci, da tsinke ya riƙa ɗura masa ruwan gero. Sannan ya tsoma shi a galura ya fito ja jawur, yadda ake yi don shirwa ta kasa gane tsako. Inna Dela ta gani ta dafe ƙirji ta ce, "Jikan kakata ne ka mayar alawar yara?" Tsako kuwa ya ɗauka Mantau ne uwarsa. Yana bin sa marina, yana bin sa wurin aski, in ya zauna ya shige ƙafar wandonsa.

Amma shirwar unguwarmu ta daɗe ba ta ga tsako ba, ba ruwanta da launi. Wata rana da azahar ta sauko ta sure shi a gaban idon Mantau. Ya bi ta da ihu, ya haye katanga, ya taka rufin maƙwabcinsa, ya jefe ta da muciyar rini. Ta saki. Ya yi tsalle ya cafe tsako a cikin hularsa, shi kuma ya sauka a ramin baba, wato ramin rinin shuɗi. Aka tsamo shi shuɗi tun daga kunne har tafin ƙafa, da karaya a ƙwauri, hannunsa ɗaya a sama riƙe da hula. Yau in yana tafiya a layi tsakon na bin sa, ba ka cewa ga wanda ya koya wa wani tafiya. Ba don Mantau ba, da abin da Cindo ya haifa ya zama abincin rana.

Galura ta zube, sabon gashi ya fito. Baƙi wuluk, wuyan zinariya, ga tukku. Namiji ne. Ranar da ya gwada cara muryarsa ta karye a tsakiya, Inna Dela ta yi kuka da hawaye.

Aka taru a zaurenta da la'asar don a san mai riƙo. Kowa cikin ukun ya faɗi nasa. Ni ma na yi jawabi, kuma kowa ya shaida nawa ya fi tsari. Sai tsohuwa ta ce, "Ku dakata. A al'ada tsako na mai uwa ne. Ina mai jar kazar nan? Ya fito ya karɓi ɗansa." Ta faɗi haka ne tana shafa taɓaryar da ke jingine kusa da ita, don ta riga ta gane jar kazar nan ce ta shigo mata da cuta daga kasuwa.

Na duba agogona.

Ta ce, "Nomau, ɗauko ta. Magariba ta kusa. A sake ta, ta san inda take kwana."

Na ce, "Inna, wata nawa yanzu, ai ta manta." Babu wanda ya saurare ni. Aka ajiye ta a ƙofar gida. Ta girgiza jiki, ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta kama hanya da 'yan ƙafafunta. Unguwa guda ta bi bayanta, Cindo na haki, Mantau na dogara sanda, Inna na jan taɓarya. Ta wuce masallaci. Ta wuce famfo. Na ce a raina, yi kwana hagu, baiwar Allah. Ta yi dama. Ta shiga wani zaure mai ƙamshi, ta ratsa tsakar gida, ta shige akurkin da kowa ya san babu komai a cikinsa, ta kwanta ta lumshe ido.

To, gidana ne. Sai me? Ni na sayo ta a kasuwa, ni na riƙa jefa ta ta katanga, don mutumin da aka ba dafaffen ƙwai dole ya nemi hanya. Ban killace ta na ga lafiyarta ba, gaskiya ne, amma ita ko tari ba ta taɓa yi ba, ina zan san tana ɗauke da ajalin gari? Da na ga abin ya ɓaci na sayar da ita, kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Na tunatar da su cewa ba don dabarata ba da babu ƙwan da za a nema. Inna ta ce ba don dabarata ba da babu abin da za a nema ɗin. Na ce to al'ada fa, tsako na mai uwa ne. Ta ce ai na sayar da uwar, in je wurin mai gashi in karɓi rigar Nomau in sa. Taɓaryar ba ta same ni ba, don ni ko a gudu ina da tsari. Washegari aka kife mini bokiti.

Yanzu motar ɗanta na zuwa ran Juma'a. Zakara ɗaya ne, kuma ba ya rabuwa uku sai a tukunya. An yi maganar karɓa-karɓa, ta ƙi, ta ce yawon gida-gida ne ya kashe ubansa, gida ɗaya zai zauna a nemo masa matan durgu masu lafiya. Ta ce a kawo maganar gabanku, kuma ni zan kawo ta, kada in rage ko kalma.

Na ji mai dariya a baya. Ni ku cire ni, an riga an cire ni, ko da yake in kun ga dama ku yi magana a kan bokitin. Ga Nomau da ya ƙwato uwar daga bakin wuƙa ya dawo ba riga. Ga Cindo da ya yi kwanci da tumbinsa har matarsa ta mayar da shi abin tsokana. Ga Mantau da ya ba da ƙwaurinsa, har yau bayan kunnensa shuɗi ne. To, ku faɗa mini, a gidan wa ɗan Dogo zai yi cara ran Asabar?