Nomau da Komon Arzika

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke bakin daji, tun zamanin da ake fita farauta da kwari da baka. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, bai kuma riƙe sarautar kowa ba. Sana'arsa haɗa komo. Yaran yanzu ba ku san komo ba, na gani a fuskokinku. Babbar garaya ce mai ƙaton ƙoƙo da dogon wuya da tsirkiya biyu. Muryarsa can ƙasa take, in an kaɗa shi a ƙirji kake fara jin sa kafin kunne. Shi ake kaɗa wa maharba ranar shiga daji.

Na ga Alhaji can ya ɗaure fuska, wai yau malam ya kawo mana zancen kiɗa. Kwantar da hankalinka, Alhaji, ban zo yin fatawar kiɗa ba. Labarin mutum zan ba ku, ku dai saurara.

A jikin komo akwai wani ɗan guntun itace da ake kafawa a kan fata, tsirkiya ta hau kansa. Masu wannan sana'a suna ce masa jaki, don shi ke ɗauke da nauyin. In jakin ya yi tsawo, tsirkiya ta yi nisa da wuyan komo, murya ta fito tangaran a ji ta har bayan ganuwa, amma fa sai mai ƙarfin yatsa ke iya danne ta. In aka rage masa tsawo, tsirkiya ta kwanto ta yi laushi a hannu, sai dai muryar ta dusashe. Saboda haka Nomau ba ya miƙa wa mutum komo sai ya ga hannunsa. Ka zo saye, ya ce miƙo hannunka, ya lallatsa yatsun, ya sa ka kaɗa wannan, ka kaɗa wancan, yana zaune ya karkata kai yana saurare. Sannan ya ɗauki wuƙa ya sassaƙa jakin daidai da kai.

To, a garin akwai makaɗin maharba, sunansa Arzika. Allah ya ba shi yatsu masu ƙarfi, Nomau kuwa ya haɗa masa komo mai dogon jaki wanda ba kowa ke iya taɓawa ba. In Arzika ya sa hannu, matsoraci ma sai ya ji yana son ya ga zaki. Sunansa ya tafi gari gari. Makaɗa suka riƙa zuwa zauren Nomau suna cewa irin na Arzika muke so, har aikin Nomau duka ya koma ana kiran sa komon Arzika. Mai sassaƙawa ba a ko ambaton sa. Matarsa Yalwa takan yi masa tsiya ta ce, kai ke wahala wani ke suna. Sai ya yi dariya ya ce, ai tukunyarki na tafasa.

Ana nan ana nan, wata rana da hantsi, zaure ba kowa, sai ga Arzika ya shigo da komonsa. Ya zauna. Can ya fito da hannunsa na hagu daga cikin riga ya aza a gwiwar Nomau.

Ya ce, "Yaya Nomau, tsunkule ni a nan."

Nomau ya tsunkuli yatsa. Arzika bai motsa ba.

Ya ce, "Yatsu biyun nan sun fara mutuwa. Tun damina nake ɓoyewa. Ka san al'adar garin nan."

Nomau ya sani. A garin nan maharba ba sa shiga daji a bayan makaɗi mai mataccen hannu, sun ɗauke shi mugun abu. Ranar da aka sani, ranar Sarkin Baka, shugaban maharba, zai karɓe kiɗan ya ba wani. Arzika kuwa ba gona gare shi ba, ba wata sana'a, ga gida cike da bakuna.

Ya ce, "Ka rufa mini asiri, Yaya. Daga ni sai kai sai Allah."

Nomau ya ce, "Na karɓa."

Ku riƙe wannan kalma, na karɓa. Da sauƙi ta fita daga bakinsa, amma ita ta cinye shi.

Ya ɗauki komon ya sassaƙa sabon jaki gajere. Ya sauya tsirkiya ya sa mai siranta. Ya kankare wuyan komon ta gefen da matattun yatsun ke sauka. Arzika ya karɓa ya kaɗa, sai ga hannu ya tafi kamar da. Ya yi ta godiya har da hawaye. Amma Nomau da ke saurare ya ji abin da ya tafi, muryar ta ragu. Da shekara ta kewayo hannun ya ƙara nauyi, aka ƙara rage jaki, murya ta ƙara sauka. Haka dai, haka dai, har mutanen bayan ganuwa suka daina jin komon Arzika ranar fita daji.

Sai Allah ya kawo wata shekara da daji ya ƙi. A fita a dawo hannu wofi, a sake fita a dawo da rauni. Kun san halin mutane, in abu ya ɓaci sai an samu wanda za a aza wa. Sarkin Baka ya tara jama'a a gindin tsamiya, ya ce wa Arzika, "Sarkin Kiɗa, komonka ba ya tashin kowa yanzu. Hannunka ne ko mene ne?"

Arzika ya sunkuyar da kai. Hannun nan na hagu yana cikin riga.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna na nan yadda ka san shi. Komon ne aka lalata. Mai gyaran ya tsufa."

Aka aika a kira Nomau. Ya zo da ɓawon itace a rigarsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Sarkin Baka ya ce, "Kai ka rage jakin komon nan?"

Ya ce, "Ni ne."

"Kai ka kankare wuyansa?"

"Ni ne."

"Don me?"

Jama'a, ku tsaya nan ku duba. Magana ɗaya ce tsakanin Nomau da mutuncinsa. Ya ce kawai, a sa Arzika ya fito da hannunsa. Shi ke nan, an wanke shi, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ya ba shi amanar ma ga shi ya tura shi rami a gaban mutane. Wa zai zarge shi? Ni da nake ba ku labarin nan, wallahi ban san abin da zan yi ba a wurin. Nomau ya ɗaga ido ya dubi Arzika, ya ga gumi na zuba daga goshinsa. Ya tuna yaran gidan Arzika da ke zuwa zaurensa suna tsintar guntayen itace.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na ga ya dace da komon shi na yi."

Aka yi ta tambaya, bai ƙara ko kalma ba. Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ba. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce hassada ce, ya gaji da jin ana kiran aikinsa da sunan wani. Wannan ta biyun ita ta zauna a bakin mutane. Arzika kuma, don kada wani mai gyara ya ɗaga jakin asirinsa ya tonu, ya rantse a gaban jama'a cewa ba wanda zai sake taɓa masa komo, da Nomau da waninsa. Tunda an riga an kankare wuya ba ya komawa, aka ce ya ci gaba da kaɗawa haka nan.

Daga ranar zauren Nomau ya mutu. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Wasu ma suka dawo da waɗanda suka saya tun da daɗewa, lafiyarsu ƙalau, suka jefar masa a ƙofa. Masu sassaƙa na wasu garuruwa suka ci gaba da yin komon Arzika suna sayarwa, shi da ya ƙago shi ba mai zuwa wurinsa. Mutumin da makaɗa ke yi wa layi ya koma gyartai, yana bin gida gida yana ɗinke fasassun ƙore a ba shi tsaba. In ya wuce majalisa sai a yi shiru, ya ba da baya a ce ga mahassadin nan.

Kada ku ɗauka bai ji ciwo ba. Ya ji. Ya rame, ya daina dariya, yakan zauna a zaure ya dubi kayan aikinsa hawaye na bin gemu. Ya roƙi Allah ya kawo masa mafita, ya roƙa, ya roƙa, bai ga ta zo ba. Abin da ya fi ƙona shi, in suka haɗu a hanya Arzika sai ya ratse ya bi wani lungu.

Yalwa mace ce mai ido. Wata rana ta aje masa ɗan tuwon da ya samu ta ce, "Malam, ni fa ban yarda ba. Hannunka bai tsufa ba, ina ganin ɗinkin da kake wa ƙwarya. Akwai abin da ka sani."

Ya ce, "Ajiya aka ba ni, Yalwa."

Ta ce, "Mai ajiyar ya tuna da kai? Dubi yadda muka koma."

Ya ce, "Bai zo ya karɓi abinsa ba. Ni kuwa ba zan zubar a titi ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki tana kuka, shi ma tuwon bai ciwu ba.

Ga wani abu da yake yi, wanda Yalwa ta daɗe ba ta gane ba. Duk ranar fita daji, sai ya je ya rakuɓe a bayan wata katanga kusa da inda ake kiɗa, inda ba mai ganin sa, ya karkata kai. Kowa na jin kiɗa, shi hannu yake ji. Ya ji inda yatsa ya makara, ya ji inda tsirkiya ba ta dannu ba. Sai ya dawo gida ya ɗauki wuƙa da guntun itace ya yi ta sassaƙa, ya jefa abin a wani ƙoƙo ya rufe da faifai. Bai iya kai wa Arzika ba, don mutumin ya rantse a gaban jama'a, in aka gan shi a ƙofar gidan za a yi tambaya. Jira yake ko Arzika zai shigo wata rana da hantsi kamar da. Bai shigo ba.

Shi kuwa Arzika hannu sai ƙara mutuwa yake. Kunya ta hana shi komawa zauren Nomau. Sai ya shiga bin kasuwannin nesa, wai ko zai dace da wanda zai iya kaɗawa. Duk rumfar da ya je, a tare shi da murna, a jero masa komo a ce ga irin naka, Sarkin Kiɗa, mun yi masa dogon jaki yadda kake so. Ya ɗauki wannan, tsirkiya ta ƙi dannuwa. Ya ɗauki wancan, haka. Duka sunansa ke kansu, ba ko ɗaya da hannunsa zai iya. Ba shi kuma da bakin cewa a rage, don mai ji zai gane. Sai ya ce muryar ba ta yi masa ba, ya aje ya wuce.

Nomau ya kwanta ciwo da kaka. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne, ya kira Yalwa ya nuna mata ƙoƙon, ya gaya mata abin da za ta faɗa in mai shi ya zo. Ya rasu. Waɗanda suka raka shi makabarta ba su cika sahu biyu ba.

Sai da aka watse daga zaman makoki Arzika ya zo, shi kaɗai, da komonsa a kafaɗa don daga wata kasuwa yake. Ya tsaya a zaure ya yi gaisuwa murya ƙasa ƙasa. Yalwa ba ta fito ba. Daga bayan zana ta turo ƙoƙon da ƙafar muciya.

Ta ce, "Ya ce in ka zo a ba ka. Ya ce ka fara da wanda ya ɗaura wa zare, shi ne daidai da hannunka yanzu. In ya ƙara nauyi ka sa na biye da shi. Ya ce ya yi maka har na gaba, don ba ya nan."

Arzika ya buɗe faifai. Jakuna ne, kowane bai kai na gabansa tsawo ba, an goge su sumul. Ya cire tsohon jakin ya kafa mai zaren, ya taɓa tsirkiya. Ta kwanta a ƙarƙashin matattun yatsun nan kamar an auna. Ya kaɗa sau ɗaya, bai iya na biyu ba. Ya kifa kai a kan komon yana kuka irin na yaro.

Ya tashi ya je gaban Sarkin Baka ya fito da hannunsa ya faɗi komai. Aka karɓe kiɗan aka ba wani. Mutane suka ce ashe, Allah ya jiƙan Nomau, kowa ya koma harkarsa. Na san kun so in ce muku an wanke shi yana da rai, an zo an ba shi haƙuri, zaure ya sake cika. Ba a yi ba. Ya mutu ana ce masa mahassadi, kunnensa bai ji kalma ɗaya ta wankewa ba. Ladansa na wurin Wanda ya ga abin da ke cikin ƙoƙon tun kafin a buɗe.

To, jama'a, amana ke nan. Amana ba ta ƙarewa don mai ita ya ci mutuncinka. In ka ce na karɓa, ka karɓa, ko za a biya ka a nan ko ba za a biya ba. Mu kuwa yau, ɗan'uwanka ya gaya maka ciwonsa da safe, ku saɓa da azahar, kafin la'asar unguwa duk ta ji.

Sannan kowa ya dubi kansa, don yawancinmu ba Nomau ba ne, Arzika ne. Akwai wanda ya san inda hannunka ya mutu, yana ta sassauta maka tsirkiya a ɓoye don mutane su ce har yanzu da ƙarfinka. Wani matarsa ce, wani ƙaninsa ne, wani tsohuwarsa ce, wani abokin sana'a ne. Kuma sau da yawa shi ne wanda kake aza wa laifi in abu ya ɓaci, don ka san ba zai yi magana ba. Ka san shi, tun ɗazu fuskarsa ke zuwa maka. In yana da rai, kada ka ratse lungu. Ka tashi daga nan ka je zaurensa, tun shi ne zai amsa maka sallama, ba a turo maka ƙoƙo daga bayan zana ba.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu zama masu rufa na wasu.