Irin da Aka Wanke

Ya 'yan uwa, ku dubi ƙwaryar da ke hannuna. Gero ne a ciki, amma ba na tuwo ba ne, iri ne. A ido ba ka raba su. Na ci na yau ne, iri kuwa ajiye shi ake yi saboda ruwan da ba a gani ba tukuna. Makonnin nan na jiran zuwan Almasihu, kafin Kirsimeti, haka suke. Yau labarin wanda ya kasa jira zan ba ku.

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Maijirgi, zamanin soja, shekarar da gero ya bushe a tsaye. Dattijon ikilisiya ne, shi ke ɗaga waƙa ranar Lahadi. Bayan kakar da ba a girbi komai ba, aka kawo iri a motar gwamnati. An cuɗe shi da jan magani saboda ƙwari, aka yi shela cewa guba ne, ko kaza kada ta taɓa. Rabon gidajen Kirista 'yan kaɗan ɗin nan aka zuba a rumbunsa, don an yarda da shi.

A shekarar nan makiyaya na ba da saniya a kan 'yan tiyoyin hatsi. Mutumin ya dubi sama, ya dubi rumbu, ya ce a ransa ruwan nan ba mai dawowa ba ne. Gara ya zama mai shanu kafin Kirsimeti.

Sai ya riƙa ɗibar irin a ɓoye, yana wankewa har jan ya fita, yana shanyawa a tabarma bayan danga. Kun ji? Makiyayan nan mayunwata zai ba a kan shanu, su kai wa 'ya'yansu! Ya san magani ya shiga ƙwayar. Da bai sani ba, me ya hana shi gaya wa matarsa?

Ranar Lahadi ya sa farar riga ya tafi sujada. Matarsa Ladi ta zauna gida, don yaransu biyu, Danda da Mariyama, yunwa ta hana su doguwar tafiya. Ta zaga bayan danga neman kara, sai ga gero tas a tabarma. Baiwar Allah ta ɗauka maigida ne ya samo musu na biki ya ɓoye. Ta ɗebi ƙwarya guda, ta daka, ta dama kunu. Ita ko ludayi ba ta sha ba, ta bar wa yara.

A daidai lokacin nan yana gaban jama'a, hannu a sama, yana roƙon Ubangiji ya zo da sauri.

Ya dawo ta tarye shi da murna. Ta ce, "Baban Danda, ka yi mani gafara, na taɓa hatsin da ka ɓoye muna. Ɗiyanga yau sun ƙoshi."

Ya ce, "Wane hatsi?"

Ta nuna bayan danga. Kafin ya buɗe baki, Mariyama ta faɗi tana kumfa, Danda ma ya bi ta.

Aka aza su a amalanken jaki za a kai su gidan likita a garin Tasawa. Ba a kai ba. 'Yan uwa, ni dai ban san kalmar da zan sa wa wannan abu ba. Uwa ta shayar da 'ya'yanta ajali da hannunta, tana murna!

Ladi ta koma gidan iyayenta, ba ta ƙara kallon fuskarsa ba. Damina kuma ta zo. Ruwan da ya ce ba ya dawowa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya fita da sungumi, gidajen ikilisiya babu abin shukawa. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka ɗan tsakuro musu daga nasu, Allah ya saka musu. Shi kuwa hankalinsa ya tafi. An daɗe ana ganinsa a bakin rijiya, yana wanke yashi a ƙwarya, yana cewa jan bai fita ba.

Yunwa ce ta kai shi? Kowa a garin yunwa yake ji. Ya daina gaskata cewa abin da ake jira zai zo, shi ke nan. Bakinsa na kiran Almasihu, zuciyarsa ta riga ta ce ba ya zuwa, sai ya shirya wa wasu abin da bai taɓa tsammanin zai shigo gidansa ba.

Kai fa, me ka shanya a bayan danga? Wace amana kake wankewa kana cewa ba mai gani? Almasihu ya zo sau ɗaya, zai kuma dawo, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. In kun koma gida, kowa ya ɗauki zangarniya ɗaya ya rataye a ƙofar ɗaki har Kirsimeti, ya riƙa tambayar kansa kullum ko yana nan a kan jira.

Allah ya kiyaye mu daga zuciyar da ta gaji da jira, ya same mu da irinmu a rumbu ranar da zai zo. Amin.