Kumurcin Gardi da Ƙwan Kurciya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta da kunnenmu.

Wani gardi mai suna Barmo yana da Kumurci da ya raina tun yana ƙarami. Duk ranar kasuwa mutane su kewaye Kumurci da hayaniya, ya fasa kai ya yi rawa, in an tashi wasa Barmo ya ba shi ƙwai ɗaya.

Ran nan Barmo ya manta bai rufe ƙwaryar da yake ajiye Kumurci a ciki ba. Kumurci ya sulale, ya hau tsamiyar da Kurciya ke kwanci. Kurciya, uwar tsoro, ta sa kuka. Tsuntsaye suka taru suna ihu don su kore shi. Gogan naka ya ɗauka kasuwa ce ta ci, ya fasa kai, ya shiga rangaji.

Da suka gaji suka yi shiru, sai ya ce, "Jama'a, na gode. Ina ƙwaina?"

Kurciya ta rufe ƙwanta da fiffike. Suda mai bakin tsiya ta ce, "Ranka ya daɗe, a gidanku yaushe ake ba ka ƙwan?"

Ya ce, "Sai an tashi wasa."

Ta ce, "Ai mu yanzu muka fara, numfashi muka tsaya yi."

Suka sake ɓarkewa da ihu, shi kuma yana ta rawa har bayansa ya ƙage. Barmo ya biyo hayaniyar, ya naɗe abinsa ya mayar ƙwarya.

Shi ya sa har gobe in tsuntsaye suka ga maciji ba sa yin shiru, kada a ce an tashi wasa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai musu ya je ya tambayi Suda.