Waken da Malam Tanimu Ya Bayar Sadaka

Jama'a, ku matso ku saurara. An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah mai sayar da hatsi, ana ce masa Malam Tanimu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Abin da aka san shi da shi guda ne: duk Juma'a sai ya auni wani abu daga rumfarsa ya aika gidajen da ya san babu.

Wata Juma'a ya auni wake tiya biyu ya aika wa maƙwabciyarsa Kande, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarta budurwa. Washegari da hantsi suka dafa suka ci. Kafin azahar an kwashe su biyun an yi asibiti da su.

To, a asibiti kan kowa ya ɗaure. Ga amai, ga gudawa, aka ce kwalara ce, aka sa musu ƙarin ruwa. Amma mai kwalara bushewa yake yi, su kuwa yawu ne ke zuba, gumi na tsiyaya, hawaye na kwarara ba kuka ba. Aka ce ko sanƙarau ne, aka duba wuya, wuya lafiya lau. Likitar da ke aiki ranar, wata mace, ta haska idon Kande, ta ga baƙin idon ya tsuke ya koma kamar kan allura. Ta saurari ƙirji, ta ji ƙarar ruwa a ciki, zuciya kuma tana bugawa a hankali, a hankali.

Ta fito ta sami Sallau, yayan Kande, ta ce, "Malam, wannan ya yi mini kama da guba. Akwai maganin ƙwari ko na feshi a gidan?"

Ya ce, "Likita, ko gona ba su da ita. Wake kawai suka ci."

'Yan'uwa kuwa kowa da tasa. Wannan ta ce iska ce, wancan ya ce jifa ne, a mayar da su gida.

Duk wannan a kunnen Malam Tanimu, domin ya zo dubiya yana tsaye a baranda. Da ya ji an ce wake, sai ya juya ya fita. Ya hau keke ya koma rumfa. Buhun wake biyu ne a jingine. Ɗaya na sayarwa ne, ɗaya kuwa shekaranjiya ya zuba masa maganin ƙwari, na ajiya ne, ba a taɓa shi sai bayan watanni. Ya duba, ya sake dubawa. Bakin buhun ajiyar ne a kwance.

Ku saurara, a nan jarrabawar take. Ba wanda ya gani. Ba wanda ya tambaye shi. Ya shiga gida ya zauna, ya rasa abin da ke masa daɗi, yana cewa, "Alheri fa na yi niyya. Yaya aka yi haka? Yaya aka yi hannuna ya shiga wancan buhun?"

Matarsa Ladidi ta ce, "Malam, ka tabbata kuwa? In ka faɗa, kashe ka za su yi. Ai likitoci za su gano da kansu."

Ya ce, "Ban tabbata ba, Ladidi. Kaina ya kulle. Amma in shi ne, kuma na yi shiru, me zan ce wa Allah?"

Ya ɗauki kwalbar maganin ya sa a aljihu, ya koma. A gaban Sallau, a gaban dangi, ya miƙa wa likita, ya ce, "Ni na ba su waken. Ina jin daga buhun da na zuba wa wannan na ɗiba."

Sallau ya shaƙe masa wuyan riga. Likita ko kallonsu ba ta yi ba. Ta karanta jikin kwalbar, ta kira sunan wata allura, ta ce a kawo duk wadda ke asibitin. Aka shiga yi musu, a jira kaɗan a ƙara, a saurari ƙirji a ƙara. Tana cikin haka ta leƙo ta ce, "Baba, wa kuma ka ba?"

Sai a lokacin ya tuna. Ya ce, "Ladan."

Aka tura mai babur. Aka tarar matar ladan ta ɗora tukunya, waken na tafasa, mutum tara na jiran abinci. Aka sauke aka binne.

Kafin magariba ƙirjin Kande ya bushe, ta buɗe ido. 'Yarta sai da ta yi kwana shida a kan na'urar numfashi, amma ta tashi. Shi kuwa Malam Tanimu ya kwana biyu a hannun hukuma. Ya fito, mutane suka ƙaurace wa rumfarsa har kaka ta zagayo. Wasu har ya mutu suna nuna shi da baki. Bai taɓa kare kansa ba. In an yi masa maganar sai ya ce, "Kuskurena ne, Allah Ya yafe mini."

'Yan'uwa, gaskiya mai sauƙi ce idan laifin na wani ne. Wadda Allah ke jarraba mu da ita ita ce wadda za ta kunyata mu. Kai mai shago, ke mai abincin sayarwa, kai mai kemis, wata rana hannunka zai yi kuskure, kuma ba wanda zai sani sai kai. Kada ka jira sai ka tabbata, kada ka jira sai an tambaye ka. Idan kun kai mara lafiya asibiti, ku faɗa wa likita abin da ya ci da abin da kuka ba shi, ko da akwai kunya a ciki. Kunya ana jin ta a wuce, rai kuwa in ya fita ba ya dawowa. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ko da a kanmu take.