Garin da Ya Cinye Ganuwarsa

Ku matso kusa, ga ta nan ga ta nanku, kuma yau da haushi na zo da ita.

Ta zo mu ji ta, ko da haushin ne.

Wani gari ne a bakin daji, mai ganuwa. Ba irin katangar da yaro zai haura ya tsinko goruba ba. Ganuwa ce wadda jakai biyu da kaya za su gifta juna a kanta ba su gogi juna ba.

Sarakuna uku suka yi ta. Na farko Sarki Jatau. Shi ya tarar da garin bukkoki ne kawai, Kura na shigowa da rana tsaka, ta zaɓi abin da take so, ta fita tana sakace. Sai ya tuɓe rigarsa, ya ɗora kwandon ƙasa a ka, ya kafa tushe. Har ya mutu tsakiyar kansa ba gashi, kwando ya cinye. Bayansa sai Sarauniya Yalwa. Ita ta ɗaga ginin ya wuce tsayin raƙumi, ta sa aka shuka ɗorawa kewaye da gari, don a riƙa samun makubar shafe bango, kada ruwa ya ci shi. Na uku Sarki Arzika. Shi bai ƙara tsayi ba, doka ya bari.

Dokar kuwa ita ce, duk wanda zai gina ɗaki, ya je ganuwa ya ɗebi ƙasa tafi ɗaya, ya zuba a kwaɓinsa na farko don neman albarkar magabata. Amma kafin ya kwana a ɗakin, sai ya kai wa ganuwa kwando guda na kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya liƙa da hannunsa. Saboda haka gari na ƙaruwa, ganuwa na ƙara kauri.

Fatake suka ji labarin garin da ake sauke kaya a yi barci ba fargaba, sai suka riƙa zuwa. Kasuwa ta cika, marina ta cika, rumbuna suka cika. Jikoki suka tashi suka tarar da komai a shirye, har suka fara zaton haka Allah ya halicci garin.

Ana nan ana nan, sai sarauta ta zo kan Sarki Cindo. Cindo ba mugu ba ne, da mugu ne ma da abin ya zo da sauƙi. Mutum ne mai son a jero masa sunayen kakanninsa kowace safiya kafin ya karya kumallo.

A garin akwai Kurege. Ya gina ɗaki, ya ɗebi tafinsa na ƙasa, aka zo batun mayar da kwando. Ya dubi kwandon nan, ya taɓa gadon bayansa, sai ya ajiye, ya nufi fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya marairaice.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wani abu ke hana ni sakewa. Jatau ya gina, Yalwa ta gina, Arzika ya gyara. To mu su wa? Kowane malalaci sai ya kwaɓo taɓon bayan gidansa, ya zo ya liƙa a kan aikin manya. Wannan ai raini ne. Albarkar ma gurɓata ta muke yi."

Idon Sarki ya ciko da hawaye. Ya ce tun da ya hau gadon nan ba a taɓa faɗa masa magana mai ladabi irin wannan ba. Nan take aka yi shela: daga yau kada wanda ya sake ɗora ƙasarsa a kan ganuwar magabata. Ɗiba kuwa an yarda, tun da albarka ba ta ƙarewa. Aka naɗa Kurege Sarkin Ganuwa, duk mai ɗiba ya bar masa 'yar gyaɗa. Kun ji fa, lalaci ne aka naɗa wa rawani, aka sa masa suna biyayya.

Sai tafi ya zama ƙwarya. Ƙwarya ta zama kwando. Kwando ya zama mangala a bayan jaki. Mai ciwon ciki ya ɗiba ya jiƙa ya sha, mai zuwa kokawa ya ɗiba ya shafa, har mai gina akurkin kaji ya ce kajinsa ma jikokin garin ne. Kowa na haƙa yana kiran sunan Jatau.

A gindin ganuwa ta gabas akwai wata Akuya da 'ya'yanta uku. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta, kuma ba a taɓa jin ɗan akuya ya ɓata a wurin ba. Kowace kaka Kura takan zo ta baya, ta gwabza wa ganuwa goshi, ta koma daji da ciwon kai. A bana da ta gwabza, sai bangon ya amsa mata kamar ƙwaryar da ba komai ciki.

Sai Kura ta kara baki a bango, ta ce, "Maƙwabciya, kina jina? Ina yara?"

Akuya ba ta taɓa jin muryar Kura ta cikin bangon nan ba. Ta tattara 'ya'yanta waje ɗaya, ta ruga fada. Ta durƙusa ta shaida wa Sarki ganuwa ta yi siriri, har numfashin Kura ana ji, a taimaka a liƙe ta tun da wuri.

Kafin Sarki ya buɗe baki, Kurege ya miƙe ya kama kirari. Ya ambaci Jatau, ya ambaci Yalwa, ya ambaci Arzika, har jijiyar wuyansa ta fito. Fada ta ɗauki tafi. Aka yi ta kallon Akuya kamar ta zagi uban wani. Sarki ya yi murmushi ya ce ta kwantar da hankalinta, Kura ta san ganuwar wa ce.

Lallai ta sani. Shi ya sa ba a jima ba ta dawo, ta tarar masu neman albarka sun huda mata ƙofa daidai hannu. Ta zura hannu, ta laluba, ta kama babban ɗan Akuya ta ƙafa, ta fizge shi waje. Uwar na tsaye tana jin kukansa ta cikin rami har ya yi shiru.

Akuya ta sake komawa fada. Wannan karon Sarki ya yi juyayi na gaske, ya yi mata ta'aziyya, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Sannan ya ba da umarni a ciko mata ƙwarya da ƙasar ganuwa, ta shafa wa sauran biyun a goshi don tsari. Kun san inda dogarai suka ɗebo ƙasar? Bakin ramin nan, don wai nan ta fi taushi.

Da Akuya ta ga haka, sai ta ce ba wanda zai yi mata sai ita. Ta tafi bakin rijiya, ta tattaka taɓo da kofatonta, ta riƙa ɗebowa da baki tana cusawa a ramin. Ta yi sawu ya fi a ƙirga, leɓenta ya tsage, amma ramin ya toshe. Kurege na can kan reshe yana ɓare gyaɗa yana kallo. Sai da ta gama tsaf, ya je ya kai ƙara, wai Akuya ta shafa wa magabata ƙazanta.

Dogarai suka zo da fartanya suka kankare abin da ta liƙa. Don tsabar ladabi suka haɗa da na asalin, kada ya zama taɓonta ya taɓa shi. Suka sa mata igiya, suka ja ta ƙofar fada suka ɗaure a turke, ta wuni cikin rana don ta zama darasi. Tana ɗaure Kura ta zo, ta tarar ramin ya isa kai da kafaɗa, ta ɗauki na biyun. Autan ya tsira ne don ya shige ƙarƙashin rumbu.

Da la'asar aka kwance ta, labari ya riske ta tun ba ta bar wurin ba. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta shiga fada karo na uku, ba sallama, ba durƙuso.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kakanka kwando ya ɗauka, kai sunansa ka ɗauka. Mutanen nan da kuke kira safe da yamma, sun mutu amma har yau su ke gadinmu. Ku kuna raye, me kuka tsare? 'Ya'yana biyu sun tafi. Saura ɗaya, kuma ba addu'a na zo nema ba, taɓo na zo nema."

Sarki ya sunkuyar da kai, har kamar maganar za ta shiga. Sai Kurege ya matso ya raɗa masa cewa baƙin ciki ne ya taɓa ta, a yi mata uzuri. Ya ce abin da ke faruwa alama ce an yi sakaci da tunawa da magabata, maganinsa a yi gagarumin biki, kowane gida ya samu rabonsa na ƙasa mai albarka. Sarki ya ji daɗin samun mafita wadda ba ɗaukar kaya a cikinta, ya ce a yi.

Aka yi biki kuwa. Aka yi kiɗa, aka yi kirari, aka ci aka sha, aka yi ta jidar ƙasa har da masu goyo. Kafin a watse, ganuwar da ta wuce raƙumi ta dawo ba ta kai gwiwar yaro ba.

Kashegari da hantsi Kura ta zo. Ba ta yi tsalle ba, taka ganuwar ta yi ta shigo. Mutane suka watse, kowa ya haye soron da ya gina da ƙasar kakansa. Akuya ta tura autanta gaba, suka bi layin kufan bango da gudu, Kura na biye tana dariya.

Can wajen arewa sai suka ci karo da wani gutsuren ganuwa da ya rage a tsaye, dogo, shi kaɗai. Tushen Jatau ne da shafen Yalwa, ya yi taurin da fartanyar masu ɗiba ta kasa, suka bar shi suka nemi mai sauƙi. Kun san akuya da hawa. Ta haye, autan ya bi ta, suka tsaya a ƙololuwa.

Kura ta yi tsalle, ta zamo. Ta sake, ta zamo. Ta ja da baya ta zo da ƙarfinta duka, farcenta ya karye, ta faɗo ta baya. Ta tashi tana lasar hannu, ta dubi gutsuren nan sama da ƙasa.

Ta ce, "Matattun garin nan sun fi rayayyunsa ba ni wahala."

Ta koma gindin wata ɗorawa ta kwanta tana haki. Da an ƙyale abin haka, da yunwa da rana sun kore ta. Akuya ta lashi kan ɗanta, ta ce masa ya daina rawar jiki, sun tsira.

To, mutanen gari na kan soraye, sun ga komai. Sai Kurege ya ɗaga murya ya ce su duba da kyau, ɗan gutsure ya gagari Kura. Ashe duk albarkar a nan ta taru, wanda ya samu ko ɗan dunƙule ya gama tsoro har abada.

Sai ga su sun sauko. Masu diga, masu gatari, masu tulunan ruwa don jiƙa gindin ya yi laushi. Ku dubi wannan abin takaici: ƙarfen da ke hannunsu ya isa su kori kura goma. Ba wanda ya ko kalli inda take. Ita ma da ta ga sun taho sai ta ja gefe ta ba su hanya, har da yi musu sannu da aiki.

Akuya ta yi ta roƙo daga sama. Ta kira su da sunayensu, ta kira iyayensu, ta ce su bari ko zuwa yamma ne Kura ta gaji ta tafi. Wani ya ce mata ta rage son kai, albarka ba tata ita kaɗai ba ce. Sarki bai zo ba, amma ya aiko da ƙwaryarsa.

Suka jiƙa, suka sara. Suka jiƙa, suka sara. Gutsuren da ya tsaya tun zamanin kakan kakansu ya yi ƙara, ya karkata, ya zube. Akuya ta faɗi nan, autan ya faɗi can. Kura ta taso a hankali, ta ɗauke shi a baki, ta bi ta tsakiyar taron ta fita. Ba wanda ya ɗaga kai, kowa na durƙushe yana wawar ƙasa, har ana dambe a kan dunƙule.

Akuya ta miƙe da ɗingishi. Ta karkaɗe jikinta, ta kama tafiya, ba ta waiwaya ba. Kurege ya hango ta, kumatunsa cike da gyaɗa.

Ya ce, "Gwaggo, ina za ki? Can ai daji ne. Dawo cikin gari."

Ta tsaya ta ce, "Nuna mini inda garin ya tsaya, dajin ya fara."

Kurege ya ɗaga hannu zai nuna. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya sauke hannunsa.

To kun ji. Ƙarfin da kowace ƙasa ke taƙama da shi yau, wasu ne suka yi guminsa tun ba a haife mu ba, kuma yana iya tsare jikoki ko masu shi sun daɗe a kabari. Amma wanda ya gaji aikin magabata, ya tsaya yabo bai ƙara komai a kai ba, cinye shi yake yi, kuma ba a kansa abin ke fara ƙarewa ba, a kan marasa ƙarfi ne.

Ƙurunƙus. A nan ta tsaya, haushin dai bai tsaya ba.